Wa Ya Sauke wa Malam Nomau Kaya?

Ku gyara zama. Maganar nan tun da aka kawo mini ita nake juya ta har na gaji, yau ku zan sauke wa.

A wani ƙauye akwai wani dattijo mai suna Malam Nomau, manomi ne mai kiwon shanu. Kamar yadda ya tarar mahaifinsa na yi, da an kawar da amfanin gona sai ya kai shanun gonarsa ta bayan kwazazzabo ya kafa musu turaku, su yi rani a can suna zuba masa taki. Harawa da dusa kuwa a gida suke, dole safe da yamma a kai musu. Shekara da shekaru shi da wani jakinsa mai ƙararrawa a wuya ke wannan jigila. Jaki ya tsufa, mai jaki ya tsufa, har ba ka gane wa ke jiran wani a hanya. Wata bazara jakin ya kwanta bai tashi ba.

Malam Nomau ya koma ɗaukar harawa a ka. Kafin ya isa gona ya huta sau ba adadi, in ya dawo sai an gasa masa gwiwa. 'Ya'yansa uku ba su zuba masa ido ba, amma kowa da abin da ke gabansa. Sallau tela ne a kasuwa, Bawa na noman albasa a fadama, Kande kuma mijinta ya rasu, ta dawo gida tana riƙe marayunta da injin markaɗe. Shanu suka fara nuna haƙarƙari. Dillalan da ba su taɓa sanin ƙofar gidansa ba suka tsiri zuwa gaishe shi.

Rannan ya tara 'ya'yan, ya ce, "Na gaji. Ko a samo abin da zai riƙa kai wa dabbobin nan abinci, ko in sayar da su tun suna da sauran nama. Wanda ya sauke mini wannan kaya, Kyalla tasa ce."

Kyalla ita ce saniyar da ya fi so, jikar wadda mahaifiyarsa ta bar masa. Jin ya ambace ta, suka san tsohon ya kai maƙura. Sabon jaki ba zai yi ba, don ƙafar da za ta bi shi ta ƙare. Amalanke kuwa sai da bijimai biyu, ƙarin baki ke nan a kan harawar da da ma ba ta isa.

A kasuwa idon Malam Nomau ya faɗa kan wata tsohuwar akori-kura mai ƙaton bodi, wadda za ta kwashe abincin yini a sahu ɗaya, ga araha. Tun ba a saya ba ya fara hango kansa a gidan gaba yana ɗaga wa mutane hannu. Sallau ya auna faɗin motar da igiya, ya bi burtali har inda ya tsuke tsakanin wata kuka da bakin kwazazzabo, ya shimfiɗa igiyar, ya ga bakinta na reto a cikin rami. Ya dawo ya faɗa wa uban cewa motar ba za ta wuce ba. Tsoho ya fusata, ya ce tela ba ya ganin abu sai ya auna shi, ya yi kwanaki yana amsa gaisuwarsa a ciki. Sallau ya shanye. Ya rufe shago yana bin kasuwanni da igiyarsa a aljihu, masu ɗinki suna kwashe kayansu suna kai wa wani, har ya samo babur mai ƙafa uku mai bodi wanda zai ratsa ta gindin kukar. Da an bi son ran tsoho, da motar na nan tsaye a bakin rami, shanu na hango ta daga nesa.

Sai dai babur ɗin ya fi tsohuwar motar tsada. Aka haɗa kuɗin Malam da na Sallau da na Bawa, bai kai ba, kuma abin da ya rage a sayar shi ne shanun da ake son ceto. Kande ba ta yi shawara da kowa ba, ta kira mai saye ya kwance injin markaɗenta, ta ƙulle abin da ta samu a gefen zane ta ajiye gaban mahaifinta. Ya tambaye ta me 'ya'yanta za su ci. Ta ce, "Baba, hannuna bai mutu ba." Ta koma yi wa mata surfe da daka a gidajensu, matan da jiya suke layi a ƙofarta. Tafin hannunta ya yi kanta, ta rame, amma babur ya shigo gida.

Ranar farko aka loda harawa, Bawa ya tuƙa. Shanu na jin rurin injin suka tsinke igiyoyi suka bazu cikin daji, aka yini ana tattaro su. Da aka zuba musu harawar, suka sunsuna warin fetur da hayaƙi, suka kau da kai. Gobe ma haka, jibi ma haka. Malam Nomau ya zauna a ƙasa a tsakiyar gona, ya ce a kira masa dillalai, shi kam ya sallama.

Bawa ya roƙi a ɗan saurara masa. Ya tono ƙararrawar jakin nan daga cikin tarkacen zaure ya rataya wa babur, ya shimfiɗa tsohuwar mangalar jakin a bodi don harawa ta ɗauki warin da shanun suka sani. In ya iso gindin kuka sai ya kashe injin, ya sauka ya tura da ƙirji cikin rairayi, kaya cike, uban na zaune a sama yana kiran shanunsa da sunayensu. Safe da yamma haka, a zafin bazara, kullum yana ɗan matso da wurin kashe injin. Albasarsa ta bushe a fadama don rashin mai ban ruwa. Wata safiya ya shigo har turke da injin a kunne, ƙararrawa na kaɗawa, Kyalla ta taso ta zura kai cikin bodi tana ci.

Shanu suka murmure, dillalai suka daina zuwa gaisuwa. Malam Nomau ya kwance Kyalla, ya kira 'ya'yansa. Ya dubi Sallau da ya sha fushinsa a kan gaskiya, ya dubi hannuwan Kande, ya dubi Bawa da kafaɗarsa ta saɓule. Babu wanda ya miƙo hannu a cikinsu. Saniya ɗaya ce, alkawari kuma ya riga ya fita daga bakinsa. Ya daɗe tsaye da igiya a hannu, har gwiwar ta gaza, ya zauna a gefen bodi, ya ce wannan ɗin ya fi dammin harawa nauyi.

To, ga wanda ya zaɓo abin hawan, ga wadda ta sa aka saye shi, ga wanda ya sa shanu suka karɓe shi. Ku gaya mini, a hannun wa Malam Nomau zai damƙa igiyar Kyalla?