Mai Unguwar da Ya Ce Ruwa Ya Ishe Su

Akwai wani manomi, shi ne kuma mai unguwar ƙauyensu, ga shi da cika baki. Kullum cewa yake, "Rijiyarmu ko a tsakiyar bazara da ƙwarya ake ɗiba, guga kwalliya ce kawai." Alhali kuwa tun kafin bikin Ista take ƙafewa, mata su yi ta jigilar tuluna zuwa wani rafi mai nisa.

Ana nan sai gwamnati ta aiki ma'aikata ƙauyuka su tambayi halin ruwa, domin a zuba amsoshin a rumbun bayanai, wato kwamfutar da hukuma take dubawa kafin ta yanke inda za ta yi aiki. Wanda aka aiko musu kuwa Habila ne, taubashin mai unguwa, abokin tsokanarsa tun suna yara.

Habila ya ce, "To, sarkin ƙishi, rijiyar taku wata nawa take yi a bushe?"

Mai unguwa ya ga in ya faɗi gaskiya, ba zai huta da bakin Habila ba har abada. Sai ya ce, "Kai bawana, mu da muke yi wa awaki wanka? Sa musu cewa ruwa ya ishe mu."

"In sa haka fa?"

"Sa mana!"

Ya shiga gida yana ƙyaƙyata dariya, wai ya kayar da Habila.

Da shekara ta kewayo, motar haƙa rijiyar burtsatse ta ratsa ƙauyen, ko tsayawa ba ta yi ba. Jama'a suka bi ta har ƙauyen gaba, mai unguwa a kan gaba yana kururuwa, "An zalunce mu!"

Shugaban ma'aikatan ya duba kwamfuta, ya ce, "Ku yi haƙuri, ƙauyenku ba ya cikin mabukata. Mai unguwarku ne da kansa ya ce ruwa ya ishe ku."

Matar mai unguwa, Afiniki, wadda wuyanta ya sha ɗaukar tulu, ta dube shi ta ce, "Maigida, kai ne?"

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Rijiyar zuciyarmu ce. Sau nawa muke zuwa gaban Ubangiji a bushe ƙamas, amma don kada na kusa da mu ya yi mana dariya sai mu ce lafiya lau? Shi Ubangiji ya san ƙishinmu, duk da haka yana so mu faɗa da bakinmu. Ƙarya kuwa, ko ta wasa ce, ba mai yin ta kaɗai take cuta ba. Mai unguwa ya yi dariyarsa ta yini ɗaya, matan ƙauyen kuwa har yau suna kan hanyar rafi.