Kwalba Biyu a Ƙofar Mai Unguwa

Akwai wata mata a Matameye, sunanta Najaha, wadda ko yau ka tambaye ta darasin da ta fi tsana a lakwal, wato makarantar boko, ba za ta tsaya tunani ba. Kimiyyar halittu ne, wanda ƴan kwaleji ke kira SVT.

Lissafi tana taɓawa, Faransanci ma ba laifi. Amma da malaminsu Mushe Iliyasu ya shigo aji da fara a cikin leda, sai ranta ya ɓaci. Zana ƙafar fara, zana bakin sauro, rubuta sunan kowane sashe. Bakwai bisa ashirin ne maki mafi yawa da ta taɓa samu a hannunsa.

Wata rana Mushe ya ɓamɓaro gidan zanzaro daga bango ya fasa a kan tebur. Tsutsotsi suka zubo, ba su mutu ba, ba sa kuma motsi. Najaha ta karkata ga ta kusa da ita ta ce, "Wannan ne zai tuƙa mini tuwo a gidan miji?"

Ta ɗauka a hankali ta faɗa, ashe duk ajin ya ji. Aka fashe da dariya.

Mushe bai dake ta ba. Cewa ya yi ta kwashe tsutsotsin ta zuba a kwalba, ta riƙa dubawa kullum tana zana abin da ta gani har mako guda, sannan ta tsaya gaban aji ta yi bayani. Ta yi, amma da hawayen haushi. A nan ta gani da idonta cewa zanzaro harbin tsutsa yake ya kashe mata jiki, ya sa mata ƙwai, ɗansa ya fito ya cinye ta.

Ba ta ci jarrabawar birbe ta gama kwaleji ba. Ta auri Idrisa, manomi ne da damina, da rani kuma ya tafi Kano sayar da shayi. Littattafanta kuwa ƙunshin gyaɗa aka yi da su. Shekara goma sha biyu suka wuce, da ƴaƴa uku a tsakaninsu.

Akwai wata tsutsa da manoma ke kira murzuna. Cikin zangarniyar gero take shiga, ta bi ta tana murɗawa tana ci, sai ka ga kai ya yi kyau daga nesa, ka matsa ka tarar da fanko. A shekarar da ta gabata ta cinye rabin gonar Idrisa, har ya tafi Kano tun kafin a gama girbi.

Da damina ta sake zagayowa, gero ya fara fidda kai, sai wani malamin gona mai suna Cha'ibu ya zo unguwarsu da ƴan ƙananan jakunkuna na algarara. Ya rataye su a itatuwa cikin gonakin da ke hanyar Dungu. Ranar kasuwa ce, mutum huɗu kawai ya samu a ƙofar mai unguwa. Ya ce musu maganin murzuna ne, kada a taɓa, kada a yi feshi. Ya hau babur ya wuce, don garuruwan da ke gabansa suna da yawa.

Bayan kwana tara, Alhaji Shekara ya je zagayen gonarsa. Shi ne babban manomin unguwar, rumbunsa shida, kuma in ya yi magana a taro ba a cika ƙarawa ba. Ya ga wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari suna fitowa daga jakar da ke jikin tsamiyarsa. Ya sa wuƙa ya farka ta. Gero ne a ciki, da tsutsotsi.

Bayan la'asar ya zazzage jakar a gaban jama'a.

"Ku duba da kyau," in ji shi. "Muna kukan tsutsa, an kawo mana irinta an rataye mana a ka. Ni tun ban kai tsawon hauya ba nake noma. Gobe kowa ya ciro na gonarsa a ƙone, ni zan aika a sayo maganin feshi."

Aka kira lambar Cha'ibu, ba ta shiga. Kowa ya watse a kan maganar Alhaji.

Idrisa bai jira gobe ba. Ya ciro tasa jakar ya jefar kusa da murhu. Najaha ta kwance ta don ta watsa wa kaji geron, sai hannunta ya tsaya. Tsutsotsin ciki duk sun yamushe, kuma kusa da kowace akwai ƴan fararen kwasfa kamar ƙwayar shinkafa. Ta daɗe tana kallo.

"Baban Sadiya," ta ce wa Idrisa, "waɗannan tsutsotsin ba ci suke ba. Su aka ci."

"Wa ya ci su?"

"Ƴan ƙwarin nan da kuke tsoro. Ina jin dangin zanzaro ne. Tsutsar cikin jaka guzuri aka yi musu, in sun fito su nemi ta gona."

Idrisa ya yi dariya. "Ke da kika ce darasin nan ko sunansa ba kya son ji?"

"Har yanzu ba na so. Amma na gani da idona."

"Najaha, Alhaji ne fa ya yanke magana. In kika yi kuskure, ni za a riƙa nunawa a masallaci."

"In kuma aka ƙone, kai za ka sake tafiya Kano ka bar mu da rumbu rabi."

Idrisa ya ce ta shirya, da safe zai raka ta.

Da hantsi maza suka taru a ƙofar mai unguwa da jakunkunansu, an ma tara kara don wuta. Najaha ta zo a bayan mijinta, ta ja mayafi, ta durƙusa ta gaida mai unguwa da dattawa. Ba ta taɓa magana a irin wannan wuri ba.

"Baba Alhaji, a yi mini haƙuri," ta ce. "Kwana uku nake roƙo kafin a sa wuta."

Alhaji bai ko dube ta ba, Idrisa ya kalla. "Yanzu har mun kai mata su koya mana noma? A ina ta san ƙwaro?"

"A lakwal, Baba," ta amsa da kanta.

"Lakwal. Karatun zanen fara ke nan. Ɗana ma ya yi shi, yau kabu-kabu yake a Damagaram."

Wasu suka yi dariya. Najaha dai ba ta tashi ba. Ta kwance ɗankwalin da ta ƙunso, ta fito da kwalaben mayonez guda biyu. A kowace ta sa murzuna biyar da Idrisa ya ɓantaro daga zangarniya da sassafe, da ɗan guntun gero. A ɗaya ta kife bakin jaka har ƴan ƙwarin suka shiga. Ɗayar ta bar ta haka. Ta ɗaure bakinsu da farin ƙyalle.

"Ita wannan da babu komai fa?" mai unguwa ya tambaya.

"Ta gwadawa ce, Baba. In na kawo guda ɗaya tsutsar ta mutu, za a ce zafi ne ya kashe ta. A bar su a nan wurinka, kada a ce na taɓa."

Mai unguwa ya shafa gemu ya ce kwana uku ba za su kashe kowa ba. Kowa ya mayar da jakarsa. Alhaji ya kaɗe rigarsa ya ce shi gonarsa ba wurin wasan yara ba ce. A ranar ya ƙone nasa, washegari ya sa aka yi feshi tun daga kan iyaka.

Kwana ukun nan Najaha ko abinci ba ta ci da daɗi ba. Zanzaro ta sani, wannan ƙwaron ba ta taɓa ganinsa ba. Mata a bakin famfo sun fara kiranta likitar ƙwari. Idrisa kuwa sai ya yi alwala a gida, ya shiga masallaci daidai tada iƙama, ya fita da sallama.

A rana ta uku aka fito da kwalaben. A wadda babu ƙwari, murzuna biyar suna nan ƙato-ƙato, sun mai da geron gari. A ɗayar, huɗu sun kwanta ba motsi, jikinsu ya yamushe, ga wasu ƴan mitsi-mitsin tsutsotsi manne da su suna tsotsa.

Kwalbar ta bi hannu hannu. Wani tsoho ya ɗaga ta saitin rana ya daɗe yana duba, sannan ya ce, "Ikon Allah. Yarinyar nan ta yi gaskiya."

A hanyar komawa gida Idrisa ne ya karɓi kwalaben ya riƙe, yana tafe yana gaida duk wanda ya gani da babbar murya.

Ba a ce murzuna ta ɓace a shekarar ba. Ta taɓa kowa. Amma Idrisa, da ya ɗaure dami talatin da ɗaya a bara, ya ɗaure hamsin da huɗu. A gonar Alhaji feshin ya kashe ƴan ƙwarin, ita kuwa murzuna tana can cikin zangarniya inda magani bai kai ba. Rumbu biyu daga cikin shida ya bari a wofi.

Da Cha'ibu ya ji labari, ya zo har gida ya gaida ta. Damina ta gaba, a zaurensu ya sauke jakunkunan unguwar gaba ɗaya, ya ce ita za ta raba ta yi bayani.

Tana cikin rabo aka yi sallama. Alhaji Shekara ne, shi kaɗai, da sandarsa. Najaha ta miƙe ta shimfiɗa masa tabarma ta gaishe shi kamar yadda ta saba, ba ta tada maganar bara ba.

Alhaji ya ƙi zama. Ya gyara murya, ya dubi jakunkunan, ya dubi mutanen da ke wurin.

"Malama Najaha," ya ce, "nawa guda nawa ne? Kuma ki nuna mini inda ake ratayewa, kada in sake yin aikin jahilci."

Ta ɗauko uku ta miƙa masa da hannu biyu.

Darasi: Kada ka raina ilimi don yau ba ka ga inda zai yi maka amfani ba, kuma kada girma ya hana ka sauraron wanda ya san abin da ba ka sani ba, mace ce ko namiji, babba ko ƙarami. Darasin da ɗanka ke kuka da shi a lakwal, wataƙila shi zai ceci rumbun gidanku wata rana. Ku tura wa iyaye da ƴan makaranta wannan labari, musamman wanda kuka taɓa ji yana cewa, "Wannan karatun me zai yi mini?"