Rigar Layun Mahama

A unguwar Komah ta Sokode an yi wani saurayi mai suna Taufiƙ, gwanin shirya fim. Allah ya ba shi basira, amma ba shi da haƙurin sauraro. In dattijo ya fara ba shi tarihi, kafin a kai tsakiya ya ce ya gane.

Wata shekara ya ƙudurta yin fim a kan Yaƙin Mashigi, wanda kakanni ke ba da labarinsa, inda mutanen gari suka tare mahara a bakin kogi. Ya hau mota har Dapaong wurin kawunsa Alhaji Wahabu, don ya ari rigar layun kakansu Mahama. Kowa a Komah ya san rigar nan, baƙa mai jan wuya, domin duk babbar Sallah Alhaji kan kawo ta jama'a su gani.

Alhaji ya ce, "Ɗan Salamata, zauna ka ji yadda mai rigar ya rasu. Shi ya tsaya a mashigin har mata da yara suka haye."

"Kawu, ai na sani. Mota za ta bar ni."

"To. Amana na ba ka."

Da aka zo ɗauka, Taufiƙ ya ga labarin ba zai yi armashi ba sai da maci amana. Sai ya ƙirƙiro wani da ya nuna wa mahara hanya. Ya sa wa jarumin fim farar riga, ya ce mugun kuwa baƙi ne ya dace da shi. Ya miƙa wa mugun rigar Mahama.

Issifou mai riƙe kyamara ya ce, "Kai, wannan fa rigar gidanku ce!"

"Fim muke yi, ba karatu ba. Ɗauka kawai."

Fim ya fito, ya bi wayoyi daga Blitta har Dapaong. Tsofaffin da suka san gaskiya kaɗan ne, masu kallo kuwa ba iyaka. Ran nan mahaifiyarsa Salamata na auna gero a kasuwa, wata ta ce mata, "Cika mudun da kyau, jikar mai baƙar riga. Ashe ku kuka sayar da gari!" Aka kwashe da dariya. Salamata ta tattara kayanta ta koma gida, ba ta ƙara fita da su ba.

Alhaji Wahabu ya zo da kansa. Aka shimfiɗa tabarma bai zauna ba, aka kawo ruwa bai sha ba. Ya naɗe rigar, ya dubi Taufiƙ.

"Mahara sun kashe shi, amma sun bar masa sunansa. Kai sunan ka ɗauke."

"Kawu, zan gyara, wallahi."

"Da me?"

Taufiƙ ya ɗauki kansa a waya yana bayyana gaskiya, yana neman gafara. Ba takobi a ciki, ba ganga, sai 'yan tsiraru suka kalla. Rigar ba ta sake zuwa Sallah ba har Alhaji ya rasu. Yau a Komah, in mutum ya ci amana, Mahama ake kiransa, kuma Taufiƙ na ji da kunnensa.

Darasi: Tarihin magabata amana ne, kuma waɗanda suka mutu ba su da bakin kare kansu. Wanda zai nuna wa jama'a yaƙin da ya wuce, ya zauna ya saurara tukuna. Ƙaryar da ido ya gani takan zauna a zuciya, gyara kuwa ba ya cim mata.