Wa Zai Raka Barira?

Ku gyara zama ku kasa kunne, don in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku za ku yi magana.

A wani ƙauye da ke hayin rafi an yi wata yarinya mai suna Barira. Uwarta ta rasu tun tana rarrafe, ubanta ya tafi kudu neman abinci, sai jefi-jefi ake jin muryarsa a wayar maƙwabta. Gida daga ita sai kakarta, Iya Tabawa. A makaranta kuwa can ƙuryar aji take raɓewa a jikin bango, gabanta yara danƙam. Ta kai aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi ba. In an fita tara kowa na da abokin wasa, ita sai ta koma gefe tana zana ƙasa da tsinke. Daƙiƙiya suke ce mata, har ta saba tana waiwayawa.

Da aka ba da dogon hutu, damina ta kankama, sai aka yi shela za a yi darasin hutu don yaran da aka bari a baya. Barira ta faɗa wa kakarta kanta a sunkuye, don ta san lokacin noma ne, kuma tsohuwa ba ta da wani hannu sai ita. Iya Tabawa ta ce, "Tafi abinki, 'yar nan. Ni da fartanya mun san juna tun ba a haifi ubanki ba." Haka ta riƙa duƙawa ita kaɗai a gonar gyaɗa, ba mai miƙa mata ko ruwan sha. Kafin ciyawa ta saki gonar, bayanta ya riƙe, sai da sanda take zagawa.

Ga rafi kuma ya kawo, makaranta tana tsallake. Barira tana tsaye a bakin ruwa sai ga Kawu Isyaku cikin kwalekwalensa, ƙanen mahaifiyarta, masunci marar yawan magana, wanda tun rasuwar 'yar'uwarsa bai sake taka gidansu ba. Ya dube ta, ya dubi ruwa, ya ce, "Shigo." Daga ranar ya bar kamun kifin safe, kullum sai ya haye da ita, ya zauna a kwalekwale yana jira har a tashi. Wata rana ruwa ya taso musu a tsakiya, kwalekwale ya kife. Ya saki komarsa ta kamun kifi, ta bi ruwa, ya cafo yarinyar ya fito da ita. Washegari ya aro wani kwalekwalen, ya zo ya tsaya inda ya saba.

Mai koyar da darasin kuwa, Malama Rahinatu, 'yar birni ce, ta bar ɗanta da aka yaye a hannun mahaifiyarta. Yara suka yi ta zamewa zuwa gona, har aji ya koma daga ita sai Barira, muryarsu tana amsa kuwwa. Sauran malamai suka ce ta rufe ta tafi gida, ta ƙi. A wannan shirun ne ta lura yarinyar tana ƙanƙance ido.

"Barira, me na rubuta a allo?"

"Malama, ni dishi-dishi nake gani."

"Tun yaushe?"

"Tun da can. Na ɗauka haka kowa yake gani."

Malama ta ajiye alli. Ta jawo ta gaban allo, ta riƙa rubuta mata haruffa manya-manya. Kafin gero ya fid da kai, Barira tana karanta shafi guda ba gargada. Da Malama ta samu ta leƙa gida a ƙarshen hutu, ta miƙa wa ɗanta hannu, yaro ya ruga ya ɓuya a bayan kakarsa yana kuka.

Aka koma makaranta, aka yi gasar karatu, Barira ta zo ta ɗaya a duk yankin. Hedimasta ya kira ta ya ce, "Za a ba ki kyauta a birni, gaban jama'a. Amma gurbin mutum ɗaya ya rage a mota. Ki zaɓi wanda zai raka ki."

Tsakanin kakarta da kawunta da malamarta ba wanda ya ce a tafi da shi. Barira ta fito daga ofis ta tsaya a baranda, yara duk sun watse, ba ta da wanda za ta yi shawara da shi.

To, jama'a, ga kakar da bayanta ya riƙe saboda ita, ga kawun da ya tsamo ta daga ruwa, ga malamar da ɗanta ya manta fuskarta. Wane ne a cikinsu ya kamata ya shiga motar nan?