Keken Notburga da Iskar Tafki

Wai ku ba ku gajiya da tambaya ne? Tun da rana kuke bina, "Kaka, tsohuwa za ta iya tuƙa keke daga nan har tafki?" Tambayar banza. Resi, ajiye wayar nan. Sau ɗaya zan faɗa.

Akwai wata mata a ƙauyen nan namu na kan dutse, sunanta Notburga. Shekarunta saba'in da biyu, mijinta ya rasu, ita kaɗai ta rage a gidan da ta haifi 'ya'yanta. Karatunta bai wuce rubuta sunanta ba. Amma shekara arba'in ta yi tana sauka kwari duk lokacin girbi, tana tsinkar tuffa a gonakin mutane.

Ɗanta Meinrad ma'aikacin ofis ne a birni. Shi kaɗai ya zauna ya yanke cewa uwarsa ta tsufa da zaman kaɗaici, har ya karɓo takardar gidan tsofaffi, saura ta sa hannu. Don ya lallashe ta, sai ya shirya musu hutu, shi da ita da matarsa Waltraud: kwana huɗu a kan keke, daga dutse zuwa tafkin Garda.

Ya ce, "Tafiya ce mai sauƙi, Mama, gangara ce duka. Amma ke na kama miki kujera a motar da za ta riƙa bin mu da jakunkuna."

"Jaka ce ni?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi mana. To ka saurara. A kan kekena zan je. In na isa bakin ruwan nan da ƙafata, ba ni ba takardarka. In na shiga motar ko na minti ɗaya ne, kawo in sa hannu."

Ya dubi keken. Baƙi, mai nauyi, da kwando a gaba, ya ma girme shi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ya yarda.

Duk da haka ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce, "Ku riƙa fita da asuba. Can ƙasa, rana na yin tsaka iska take tasowa daga tafki ta hauro kwarin. Kullum."

"Mama, wayata ta ce gangara ce."

"Wayarka ta taɓa tsayawa a kan tsani ƙarfe biyu na rana da kwandon tuffa a wuya?"

Kwana biyun farko nasa ne. Ita takan fita ƙarfe biyar da rabi na asuba da busasshen burodi da cuku a kwando. Su sai tara suke tashi, su ci su sha gahawa, amma hanyar ta yi gangara sosai, kafin sha ɗaya sun cim mata. Meinrad ya kaɗa mata ƙararrawa yana wucewa, "Mama, in kira motar?"

Ko waiwayo ba ta yi ba.

Rana ta uku suka wuce garin Bozen, kwarin ya baje, gangarar ta zama suna kawai. Notburga ta isa masauki sha biyu saura, ta wanke safarta, ta kwanta. Su kuwa suna tsakiyar hanya iskar ta taso ta tare su gaba da gaba. Suna taka keke, keke yana ja da baya. Sai gab da faɗuwar rana suka iso, fuska jajur, baki a bushe.

Waltraud ba wawiya ba ce. Ta ce, "Mama, gobe ki ƙwanƙwasa mini ƙofa."

Meinrad ya ce, "Na yau tsautsayi ne. Iska ba ta da agogo."

Uwar ta ce, "Tana da shi. Kai ne ba ka da shi."

Washegari mata biyu suka fita raɓa ba ta bushe ba. Kafin tafki akwai ɗan tudu. Notburga ta sauka ta tura kekenta, don tura keke ba abin kunya ba ne, ƙafa dai ita ke aiki. Ƙirjinta yana zafi, ba ta ce wa kowa ba. Suna kaiwa sama sai ga ruwa shimfiɗe a ƙasa, shuɗi, ko motsi ba ya yi. Ta gangara, ta cire takalmi, ta tsoma ƙafa. Iskar ba ta ma farka ba.

Wajen ƙarfe huɗu motar jakunkuna ta tsaya. Keken Meinrad mai tsada yana ɗaure a samanta. Shi kuma yana ciki, gwiwa a kumbure, zaune a kan kujerar da ya kama wa uwarsa.

Uwar ta nuna shi da yatsa ta ce, "Sannu da zuwa. Direba, wannan jakar tawa ce, sauke mini ita a hankali."

Meinrad ya sauko yana ɗingishi. Ya zaro takardar daga aljihu zai yaga.

"Kada ka yi ɓarna. Miƙo mini nan."

Ta naɗe sauran cukunta a ciki, ta jefa a kwando. Har yau tana gidanta, ita ke hura murhunta.

Darasi: Kada ka auna ƙarfin tsoho da furfurarsa, kuma kada ka raina abin da mutum ya koya da jikinsa don bai koye shi a aji ba. Kafin ka yanke wa iyayenka inda za su zauna, tambaye su, ka kuma saurari amsar. Ku kai wa duk mai uwa ko uba a raye wannan labarin, ku fara da babanku.

Me kike kallona, Resi? Wa ya ce ni ce? Baƙin keke ai ba ɗaya ba ne a ƙauyen nan. Ku tashi ku wanke ƙafa ku kwanta. Kuma wanda ya taɓa mini kwandon nan, da ni yake. Biyar da rabi zan fita.