Zuhra Na Fama Da Mura

Akwai wani mutum, Tajuddeen, ɗan Zariya, da ya zo Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya karatun digiri na uku. Yana zaune a hawa na sha ɗaya a wani bene a unguwar Pantai Dalam, shi da matarsa Barira da 'yarsu guda, Zuhra.

Zuhra shekararta takwas, amma hankalinta na 'yar shekara uku ne. Haka Allah Ya yi ta. Kalmomin bakinta ba su wuce ashirin ba.

Tajuddeen bai taɓa faɗa wa kowa ba. In Hausawan garin sun taru, ko suna ko tuwon salla, mutum ɗaya ke zuwa daga gidansa, ɗaya ya zauna da yarinya. In an tambaya, amsar ɗaya ce: "Zuhra na fama da mura."

Har abokai suka mai da abin tsokana. "Malam Taju, wannan murar taku ai ta kusa kammala digiri." Sai ya yi dariya ya wuce.

A farkon shekarar korona mahaifiyar Barira ta rasu. Barira ta tafi gida zaman makoki na mako biyu. Kafin ta juyo aka rufe iyakoki, aka sa dokar kulle.

Gida ya zama daga shi sai yarinyar.

Zuhra ta koma tsayuwa a bakin ƙofa, riƙe da takalmin uwarta. Ta daina cin abinci sai da daru. Kalmomin nan ashirin suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuma in ya gama wankinta, sai ya tsaya a taga yana kallon jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Wayarsa ba ta ƙara sai in Barira ce.

Ya nemi tallafin da ake ba yara irinta, aka ce na 'yan ƙasa ne. Daga baya ya ji labarin wata gidauniya da ke ɗaukar 'ya'yan baƙi, ta haɗa su da mai koyar da magana. Gurbi kaɗan ya rage, ranar Juma'a za a rufe.

Ya cike fom. Ya haɗa takardar likita. Sai shafi na ƙarshe: ana son mutum ɗaya daga cikin jama'arsa, ba ɗan'uwa ba, ya sa hannu cewa ya san yarinyar da halin da take ciki aƙalla wata shida.

Ya kira matar da ke karɓar takardun, ya tambaya ko za a tsallake shafin.

"Tak boleh," in ji ta, wato ba zai yiwu ba. "Shekararku huɗu a nan. Ai ba a rasa wanda ya san ta ba."

Ya buɗe wayarsa. Sunaye sun fi ɗari biyu. Ya bi su daga sama har ƙasa. Babu ko ɗaya da ya san halin da take ciki.

Ranar Laraba bayan azahar ya kira Dakta Yahuza, dattijon malamin jami'a da ke shugabantar Hausawan yankin. Bayan gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, wata 'yar takarda ce za ka sa min hannu. Ta makarantar yarinya."

"Karanta min."

Ya karanta. Ko sunan lalurar bai tsallake ba.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Ashe murar ke nan."

"Ita ce."

"Taju, ni na ɗauko ka daga filin jirgi. A falona ka kwana mako guda. Me ka zaci za mu yi mata? Cinye ta?"

Dattijon ya ci gaba.

"Ba zan sa hannu ba. Takarda ta ce na san ta. Ban san ta ba. Ko a hanya na gan ta ba zan gane ta ba. Da furfurata ba zan yi shaidar zur ba."

"Ranka ya daɗe, Juma'a za a rufe."

"Na ji. Kunna bidiyo."

Tajuddeen ya kunna, ya juya wayar. Zuhra na zaune a ƙasa, miyau ya jiƙa mata gaban riga. Ya kai hannu zai goge.

"Bar ta haka," in ji Dakta Yahuza. "Zuhra, amaryata! Ashe ɓoye min ke aka yi? Gobe war haka zan sake kira. Wata shida suka ce. Yau kwana ɗaya."

Juma'a ta zo ta wuce. Aka ba wani yaro gurbin.

Dattijon bai fasa ba. Kullum bayan azahar sai ya kira, minti goma, wani lokaci yarinyar ko kallon wayar ba ta yi. Da aka sassauta kulle ya riƙa zuwa da takunkuminsa, ya zauna a bakin ƙofa. Da wata shida suka cika ya sa hannu, kuma aka ɗauke ta a zagaye na gaba.

Ranar farko mai koyar da maganar ta gwada Zuhra, ta duba takardar likita, ta ce, "An rubuta kalma ashirin. Shida na samu. Me ya hana ku zuwa da wuri?"

Tajuddeen ya kalli 'yarsa. Ya ce, "Ni ne."

Darasi: Ɗan da ka ɓoye don gudun bakin mutane, hannun mutane ka raba shi da shi. Lalura ba abin kunya ba ce, kuma ba a neman shaida a wurin wanda aka rufe wa ƙofa. In akwai irin wannan yaro a gidanka, fito da shi a san shi. In a gidan maƙwabcinka yake, je ka gaishe shi da sunansa. Ku tura wa wasu, ba ku san gidan da ake fama da irin wannan murar ba.