Fushin Fosfatas da Hannun Jatau

Dalilin da ya sa ciwo in ya cike sai naman ya tsaya, to ku matso ku ji. Ke Lantana, bar sosa gwiwar nan, zancenki ake yi.

A da can, a cikin jikin wani manomi mai suna Jatau, akwai magina masu gina nama. Mai sa su aiki shi ne Kinas. Duk maginin da ya liƙa wa 'yar alama a hula, wadda ake kira fosfat, sai ya hau gini ba ji ba gani. Ƙanwar Kinas, Fosfatas, kuwa binsa take tana cire alamar, magini ya huta.

Wata rana Kinas ya fusata. Ya ce, "Ke wai mene ne amfaninki? Ina liƙawa kina cirewa!"

Ta ce, "Haka ka ce, Yaya? To, na bar maka." Ta naɗe hannu ta koma gefe.

Ana nan, ranar da Jatau ya fara girbin gero, lauje ya yanke shi a tafin hannu. Kinas ya bi magina yana liƙa alama. Kwana uku ciwo ya cike, sai murna. Amma ina! Ba mai cewa a tsaya. Nama ya yi ta hawa, ya kai girman goriba, har Jatau ya kasa riƙe lauje. Ga gero ya nuna, tsuntsaye na ci, shi ne kuma abincin gidansa na shekara. Wallahi abin tausayi.

Kinas ya yi ta ihu, "Ku tsaya! Ya isa!" Magina suka ce su alama suka sani, ba ihu ba.

Dole ya je wurin ƙanwarsa, kai a sunkuye. Ta ce, "Zan dawo, amma duk inda ka sa ƙafa ina bayanka, kuma ba gori."

Ta bi magina ɗaya bayan ɗaya tana cirewa, gini ya tsaya. Jatau ya tsira da rabin geronsa, da ƙullutu a hannu har ya mutu.

Shi ya sa har yau Fosfatas tana bayan Kinas, kuma in ta raunana masu haɗa magani sukan nemi yadda za su tashe ta. Wannan tabon na gwiwarki, Lantana, nan ne Fosfatas ta ɗan makara.